DARASIN WANNAN WATA: Gaishe-Gaishen Yau Da Kullum A Harshen Malayu

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya kama, maniyyata daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe da Kuci sukan ɗaure kaya su nufi Sakkwato, inda jirgi ke ɗaukarsu daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III zuwa ƙasa mai tsarki. Kafin tafiya malaman bita sun koya musu farillan Hajji da addu'o'in ɗawafi da yadda ake adana fasfo da guzuri. Amma akwai abu ɗaya da ba a cika taɓowa a wurin bita ba, watau yadda mutum zai yi magana da wanda ke kusa da shi a sahu, alhali wannan ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci.

Sau da yawa wannan maƙwabci na sahu mutumin Indonesiya ne ko na Malesiya. A Hajjin shekarar 2024 Saudiyya ta ware wa Indonesiya kujeru 241,000, ta ware wa Malesiya 31,600, Nijeriya kuwa 95,000. Jimlar alhazan wannan shekara ta ɗan haura 1,830,000. Ke nan cikin kowane alhaji bakwai, kusan ɗaya daga waɗannan ƙasashe biyu ya fito. Su ne mutanen nan masu tafiya rukuni-rukuni, sanye da yadi iri ɗaya, wani na riƙe da mayafin wani don kada su ɓace wa juna. Harshen da ya haɗa su shi ne Malayu. Wanda ya sauke ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙi da wasali, zai iya karanta gaisuwarsu yau ɗin nan, domin da baƙaƙen boko ake rubuta ta.

INA AKE JIN WANNAN HARSHE?

Masu harshen suna ce masa Bahasa Melayu. Kalmar bahasa tana nufin harshe. Shi ne harshen ƙasa a Malesiya da Burunai da Singafo, ana kuma jin sa a kudancin Tailan. A Indonesiya sunansa Bahasa Indonesia, amma tushe ɗaya ne. Idan aka haɗa duka, masu jin sa sun haura mutum miliyan 250.

Ciniki ne ya yaɗa shi. A ƙarni na 15 birnin Malaka ya zama babbar tashar jiragen ruwa inda fatake daga ƙasar Larabawa da Indiya da Sin ke sayen kayan yaji. Kanumfarin da ake dakawa a yaji, asalinsa daga tsibiran Maluku ne na wancan yanki. Turawan Fotugal suka ci Malaka a 1511. Daga baya Ingilishi suka mallaki ɓangaren da ya zama Malesiya, Turawan Holan suka mallaki ɓangaren da ya zama Indonesiya. Wannan ne ya sa wasu kalmomi suka bambanta tsakanin ƙasashen biyu. Indonesiya tana da harsuna fiye da 700. A ranar 28 ga Oktoba, 1928, matasanta suka yi taro suka ɗauki alkawarin riƙon harshe ɗaya na haɗin kai, suka zaɓi Malayu. Saboda haka tsoho daga ƙauyen Jawa yana da harshensa na gida, amma yana jin gaisuwar Malayu, kamar yadda Bafulatani da Bazabarme da Badakkare ke haɗuwa a kasuwa su gaisa da Hausa.

Kafin boko, da baƙaƙen Larabci suke rubutu. Suna kiran wannan rubutu Jawi, shi ne ajaminsu. Sun ƙara wasu baƙaƙe don sautukan da babu a Larabci, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi. Har yanzu ana koyar da Jawi a makarantun addini na Malesiya, a Burunai kuma hukuma tana aiki da shi tare da boko. Mutanen Makka tun da daɗewa sukan kira duk wanda ya fito daga wancan yanki da sunan Jawa, kamar yadda suke kiran mutanen Afirka ta Yamma Takari.

YADDA AKE KARANTA SHI

A 1972 Malesiya da Indonesiya suka daidaita ƙa'idar rubutunsu. Sa'ar Bahaushe ita ce sun zaɓi baƙin c ya yi sautin da yake yi a Hausa, kamar a ciki da can. Wasula a, i, o, u duk kamar na Hausa ne. Babu karin sauti mai canza ma'ana, babu dogon wasali da gajere. Abubuwa huɗu kawai ke bukatar lura.

Na farko, baƙin p. Hausa ba ta da shi, don haka bakin Bahaushe yakan mayar da shi f, bakin Basakkwace kuwa yana iya kai shi har h. A rufe leɓɓa ruf, sa'an nan a sake su da ɗan ƙarfi. Idan duk da haka pagi ta fito fagi, ba a yi asara ba, za a gane. Su ma da yawansu sukan mayar da f ta zama p.

Na biyu, wasalin e. A kalmomi kamar selamat da terima da petang, gajere ne ƙwarai, kusan haɗiye shi ake yi. Kunne zai ji kamar an ce slamat, trima.

Na uku, ng. Ba a furta g ɗin. Sautin nan ne da ke ƙarshen nan da can idan Bahaushe ya faɗe su. Wanda ya iya cewa can, ya iya cewa datang.

Na huɗu, k a ƙarshen kalma. Ba a fito da ita, sai dai a datse murya kamar alhamza. Baik ana jin ta bai', tidak ana jin ta tida'. Haka kuma sy ita ce sh ta Hausa.

SALLAMA DA SELAMAT

Gaisuwar farko ba ta bukatar koyo. Musulmin Malesiya da Indonesiya da sallama suke farawa, Assalamualaikum, a amsa Waalaikumsalam. A tsakaninsu ma sun fi yin sallama a kan kowace gaisuwa. Bayan ta sai kalmar selamat. Daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da sallama da sunan nan Salamatu, tana nufin aminci da kuɓuta. Aikinta shi ne aikin barka da a Hausa, watau a ɗora mata lokaci ko hali.

Selamat pagi: barka da asuba, barka da hantsi. Daga asuba har rana ta kusa tsaka.
Selamat tengah hari: barka da rana. Wajen azahar. Ɗan Indonesiya zai ce selamat siang.
Selamat petang: barka da yamma. Daga bayan azahar har magariba. Ɗan Indonesiya zai ce selamat sore, daga wajen la'asar.
Selamat malam: barka da dare.
Selamat datang: sannu da zuwa.

A lura cewa waɗannan ba tambaya ba ne. Ina kwana tambaya ce, shi ya sa ake amsa lafiya lau. Amma idan an ce selamat pagi, sai a maimaita selamat pagi, ko a taƙaita a ce pagi kawai, an gama.

Kalmar malam tana iya rikita mutum. Alhajin Tambuwal da ya ji an ce masa selamat malam bayan sallar lisha zai iya zaton an gane shi mai karatu ne. To, ba haka ba ne. Malam a Malayu dare take nufi. A Malesiya an fi faɗinta wajen rabuwa da dare, kamar sai da safe. A Indonesiya ana faɗinta wajen haɗuwa da wajen rabuwa duka.

APA KHABAR, WATAU INA LABARI

Ga inda darasin ya fi daɗi. Tambayar lafiya a Malayu ita ce Apa khabar? Indonesiya na rubuta ta Apa kabar? Apa na nufin me, khabar kuwa ita ce labari. Amsar ita ce Khabar baik, watau labari sai alheri. Wasu su ce Alhamdulillah, baik, ko Alhamdulillah, sihat. Idan ana son cikawa sai a ce sihat walafiat. Mai karatu ya saurari ƙarshen wannan kalma, zai ji lafiya a ciki.

Wannan kama ba dace ba ne. Hausa da Malayu duk sun sha daga rijiyar Larabci, ta hanyar malamai da fatake. Bambancin shi ne Hausa takan ɗauko kalmar Larabci tare da al ɗinta na farko, ta narkar da shi ya zama l ko a. Malayu kuwa yakan yar da al ɗin. Saboda haka idan mutum ya cire farkon kalmar Hausa, sau da yawa yakan sami kansa a ƙofar kalmar Malayu. Labari, khabar. Lokaci, waktu. Littafi, kitab. Liman, imam. Lahira, akhirat. Albarka, berkat. Addu'a, doa. Alwala, wuduk. Asuba, Subuh. La'asar, Asar. Wasu ma ba sai an cire kome ba: duniya, dunia, niyya, niat, sadaka, sedekah, kabari, kubur, sabulu, sabun, ilmi, ilmu.

Ranakun mako ma haka. Lahadi, Ahad. Litinin, Isnin. Talata, Selasa. Laraba, Rabu. Alhamis, Khamis. Juma'a, Jumaat. Asabar, Sabtu. A Indonesiya Litinin Senin ce, Lahadi kuma an fi ce mata Minggu, kalmar da suka aro daga Turawan Fotugal. Wannan ilmi yana da amfani ranar da ake son sanin yaushe rukuni zai tashi daga Madina zuwa Makka.

Akwai kuma kalmomin da suka yi kama da na Hausa amma ma'anarsu dabam. Saya a Malayu tana nufin ni. Nama tana nufin suna. Idan mutum ya nuna ƙirjinsa ya ce Nama saya Ahmad, ba tallan nama yake yi ba, cewa yake sunana Ahmad. Tambayar suna ita ce Siapa nama? Tambayar gari kuwa Dari mana?, watau daga ina. Amsar alhajin Kebbe ita ce Saya dari Nigeria.

KIRAN MUTUM DA GIRMANSA

A ƙasar Sakkwato yaro ba ya kiran dattijo da gatsal. Sai ya ce Baba, ko Inna, ko Malam, ko Alhaji. Malayu ma haka suke, har sun fi tsanantawa. Suna da kalmomin kai da ke, watau kamu da engkau, amma faɗa wa babba su rashin kunya ne. A madadinsu sai a sa sunan girma a cikin magana.

Ga ɗan Malesiya, dattijo Pak cik ne, kamar a ce kawu ko baba. Dattijuwa Mak cik ce, kamar a ce inna ko gwaggo. Namiji baƙo mai matsakaicin shekaru Encik, matar aure Puan, budurwa Cik. Wanda ya ɗan girmi mutum Abang, wadda ta ɗan girme shi Kakak, ƙarami kuwa Adik, namiji ko mace. A nan ma a yi hattara, kakak ba kaka ba ce, yaya ce mace. Alhaji Tuan Haji ne, Hajiya kuma Hajah.

Ga ɗan Indonesiya abin ya fi sauƙi. Kowane namiji babba Bapak ne, a taƙaice Pak. Kowace mace babba Ibu ce, a taƙaice Bu. Asalin ma'anarsu uba da uwa. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ba zai yi kuskure ba. Da yawa daga alhazan Indonesiya tsofaffi ne tukuf, domin masu neman kujera sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. A larduna da yawa mutum yakan yi rajista ya jira fiye da shekara ashirin kafin sunansa ya fito. Tsohon da aka gani yana dogara sanda a farfajiyar Harami, wataƙila tun yana da ƙarfinsa ya biya kuɗin farko. Ya cancanci a kira shi Bapak.

Yadda za a bambanta su kuwa, a duba tutar da ke jikin jaka ko mayafi. Ta Indonesiya ja ce a sama, fari a ƙasa. Ta Malesiya tana da ratsin ja da fari, da jinjirin wata da tauraro a kusurwa. Jakunkunan 'yan Malesiya sukan zo da alamar Tabung Haji, watau asusun adashin Hajji da aka kafa a 1963 don talaka ya riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan ba sai ya sayar da gona ko shanu ba. Irin wannan tsari ne Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar a Nijeriya a 2020 tare da bankin Jaiz.

KALMOMIN CUNKOSO DA NA TAIMAKO

Na gode ita ce terima kasih. Idan aka fassara ta ɗaya-ɗaya, terima karɓa ce, kasih kuma ƙauna. Amsarta sama-sama. A Hausa idan an ce an gaisa sama-sama, ba a ji daɗin gaisuwar ba ke nan. A Malayu kuwa sama-sama tana nufin mu duka, ni ma na gode.

Amma kalmomin da suka fi muhimmanci ga alhaji su ne na cikin taro. Wanda ya taɓa yin ɗawafi ko jifa ya san yadda ake taka ƙafar juna ba da niyya ba, ya san kuma yadda ƙaramin ture ke zama faɗa idan babu bakin ba da haƙuri. Tarihi ya nuna abin ba wasa ba ne. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a cunkoson hanyar ƙarƙashin dutse ta Mina, da yawansu 'yan Indonesiya da Malesiya. A 2015 an sake yin wani a Mina, Nijeriya ta yi rashin alhazai masu yawa. A 2024 kuwa zafi ne ya yi ɓarna, hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. Kalma ba ta maye gurbin bin umarnin jami'ai da kiyaye lokacin da aka tsara wa kowane rukuni. Amma tana sanyaya zuciya, tana kuma jawo taimako da wuri.

Maaf: yi haƙuri, a gafarce ni. Tushenta ɗaya da afuwa.
Tidak apa-apa, ko tak apa: ba kome.
Permisi a Indonesiya, tumpang lalu a Malesiya: gafara dai, zan wuce.
Sabar: a yi haƙuri, a dakata.
Pelan-pelan: sannu-sannu.
Awas: hattara.
Tolong: taimaka.
Sakit: ciwo, ba lafiya.
Air: ruwa. Ana furta ta kamar ayer.
Saya sesat: na ɓata hanya.

Tolong ita ce uwar kalmomin nan. Idan aka faɗe ta a hankali a gaban wata kalma, roƙo ne, kamar don Allah. Tolong, air, watau don Allah a taimaka da ruwa. Idan aka ji wani yana ɗaga murya yana maimaita ta, to neman agaji yake yi, a waiwaya. Tsohuwar da aka samu zaune ita kaɗai tana cewa sakit ko sesat, abin yi shi ne a ce mata sabar, Ibu, a ba ta ruwa, a duba katin da ke wuyanta ko abin hannu na ƙarfe da alhazan Indonesiya ke sawa, a miƙa ta ga jami'an ƙasarta ko 'yan sandan wurin. Alhajin da shi ne ya ɓata, shi ma yana iya tsayar da ɗaya daga jami'ansu ya nuna katin masaukinsa ya ce Tolong, saya sesat. Di mana?, watau a ina.

Idan an matsa wa mutum wuri a sahu, ana cewa Sila duduk a Malesiya, Silakan duduk a Indonesiya, watau bismillah, zauna. Sila minum, bismillah, sha.

HANNU DA JIKI

Gaisuwa ba baki kaɗai ba ce. Namijin Malayu yakan miƙo hannu biyu ya taɓa hannun abokin gaisuwa a hankali, ba matsewa, sa'an nan ya kai hannunsa ƙirji. Wannan bai yi nisa da abin da ake yi a Tambuwal ba. Yaro ko ɗalibi yakan sunkuya ya kai bayan hannun babba goshinsa ko hancinsa. A wurinsu wannan shi ne durƙuso. Idan wani saurayi ya yi wa dattijon Dogon Daji haka, girmamawa ce, kada ya fizge hannu da tsoro.

Namiji ba ya miƙa wa mace hannu. Sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai, ko ya haɗa tafukansa biyu a gaban ƙirji. Banda kunya, akwai dalilin fiƙihu. Mutanen can mabiya mazhabar Shafi'i ne, a wurinsu kuwa taɓa fatar mace da namijin da ba muharramai ba yana warware alwala ko da ba da nufi ba. A mazhabar Maliku da ake bi a ƙasar Hausa hukuncin ya danganta ga nufin jin daɗi ko samunsa. Saboda haka idan aka ga matansu suna nannaɗe hannu cikin mayafi suna kaucewa a wurin ɗawafi, ba ƙyama ba ce, alwala suke tsarewa. Komawa wurin alwala daga tsakiyar Harami ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba da abu da karɓa da hannun dama suke yi, kamar nan. Nuna mutum da manuniya kuwa rashin ladabi ne a wurin da yawansu, sukan dunƙule hannun dama su nuna da babban yatsa.

GAJERAR GAISUWA BA WULAƘANCI BA CE

A nan ne al'adun biyu suka rabu. Bahaushe yakan bi gida da iyali da gajiya da aiki da sanyi da ruwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya taƙaita a ce yana fushi. Malayu ba su da wannan jerin. Sallama, apa khabar, murmushi, shi ke nan. Alhajin da ya saba da doguwar gaisuwa kada ya ɗauka an raina shi.

Abin da ke tsaye a madadin ina gajiya a wurinsu shi ne Sudah makan?, watau an ci abinci? Ba lalle gayyata ba ce, kulawa ce. Amsa ita ce sudah, na riga, ko belum, ban ci ba tukuna. Wanda ya ce belum kada ya yi mamaki idan aka turo masa shinkafa ko biskit. Kalma ɗaya ta abincinsu ma ta riga kowa isowa Tambuwal: mi tana nufin taliya, ita ce ke ƙarshen sunan Indomie da ke kowane kanti, wadda asalinta daga Indonesiya ne.

Ga misalin hira. A ɗauka wani alhaji daga Sanyinna yana zaune a farfajiyar Masallacin Annabi a Madina bayan la'asar, kusa da shi akwai wani dattijo ɗan Malesiya.

Alhaji: Assalamualaikum, Pak cik. Apa khabar? (Sallama, Baba. Ina labari?)
Dattijo: Waalaikumsalam. Alhamdulillah, baik. Tuan Haji dari mana? (An gode Allah, sai alheri. Alhaji daga ina?)
Alhaji: Saya dari Nigeria. Pak cik dari mana? (Daga Nijeriya nake. Baba fa daga ina?)
Dattijo: Dari Malaysia. Sudah makan? (Daga Malesiya. An ci abinci?)
Alhaji: Sudah. Sila minum, air zamzam. (Na ci. Bismillah, ga ruwan Zamzam.)
Dattijo: Terima kasih banyak. (Na gode ƙwarai.)
Alhaji: Sama-sama. (Ni ma na gode.)

Akwai haɗari ɗaya a nan. Da zarar dattijon ya ji harshensa a bakin baƙo, daɗi zai sa ya ɓarke da zance kamar ruwan Agusta. Maganin wannan jimla biyu ce. Saya tidak faham, ban gane ba. Sikit-sikit, ko sedikit-sedikit a Indonesiya, watau kaɗan-kaɗan nake ji. Yawanci dariya ce za ta biyo baya.

A kasuwannin Makka da Madina za a ji 'yan kanti Larabawa suna kiran murah, murah. Araha suke nufi, 'yan Indonesiya suke kira. Berapa? ita ce nawa, mahal ita ce tsada. Ƙidaya daga ɗaya zuwa biyar: satu, dua, tiga, empat, lima. Goma kuwa sepuluh.

BAN KWANA

Kamar Hausa, Malayu na bambanta mai tafiya da mai zama. Wanda ya tsaya yakan ce wa mai tafiya selamat jalan, watau sauka lafiya, domin jalan hanya ce. Mai tafiya kuma ya ce wa wanda ya bari selamat tinggal, a zauna lafiya. Waɗannan na doguwar rabuwa ne, irin ta ranar da motoci suka zo kwasar alhazai zuwa Jidda. Idan rabuwar ta ɗan lokaci ce, sai a ce jumpa lagi, sai an jima, sai mun sake haɗuwa. Addu'ar da alhazansu ke yi wa juna ita ce Semoga haji mabrur, Allah ya sa karɓaɓɓen Hajji ne.

Barka da Salla a wurinsu Selamat Hari Raya ce. A ƙaramar Salla musamman sukan ƙara neman gafara, ɗan Malesiya ya ce maaf zahir dan batin, ɗan Indonesiya ya ce mohon maaf lahir dan batin. Ma'anarta a yafe mini na zahiri da na baɗini. Daidai take da a yafe juna da maniyyaci ke bi gida-gida yana faɗi kafin ya bar gari.

Ba alhazai kaɗai wannan darasi zai amfana ba. 'Yan Nijeriya da yawa, har da malaman jami'o'i, suna zuwa Malesiya ƙaro ilmi, wasu a Jami'ar Musulunci ta Duniya da aka kafa a 1983. Iyayen da ɗansu ke can su tuna agogon Kuala Lumpur yana gaba da na Nijeriya da awa bakwai. Idan ƙarfe takwas na safe ne a Kebbe, can ƙarfe uku ne na yamma. Idan abokin ɗakinsa ne ya ɗauki waya, selamat petang za a ce masa, ba selamat pagi ba. Wanda kuma ya bari sai bayan magariba sa'an nan ya buga, to ya tashi yaro daga barcin tsakar dare.

AIKIN AJI

Malamin aji ya rubuta kalmomi biyar a allo kowace rana, ɗalibai su kwafa a littafinsu, su karanta da ƙarfi. A ranar ƙarshe ya raba su bibbiyu, maza da maza, mata da mata, su gwada hirar da ke sama, ɗaya ya zama alhajin Sanyinna ɗaya ya zama baƙo. A ajin mata a sauya Pak cik da Mak cik, a sauya Tuan Haji da Hajah. Maniyyaci kuma ya kwafi kalmomin taimako guda goma a 'yar takarda ya sa a jakar wuyansa tare da katin masauki.

1. Wace gaisuwa za a yi wa tsohuwa 'yar Indonesiya bayan sallar asuba, kuma da wane suna za a kira ta?
2. Mene ne ma'anar malam, saya, nama da kakak a harshen Malayu?
3. A rubuta kalmomin Hausa da suka yi tushe ɗaya da waktu, kitab, akhirat da Rabu.
4. Alhaji ya taka ƙafar wani a wurin jifa. Me zai ce, kuma wace amsa zai ji?
5. Motar alhazan Tambuwal za ta tashi zuwa Jidda, 'yan Malesiya da ke masauki ɗaya da su sun fito rakiya. Wa zai ce selamat jalan, wa zai ce selamat tinggal?